Ɓera, Sauro da Lambu: Wani Shafi Daga Tarihin Zangunanmu na Ankara

Idan ana ba da tarihin unguwanninmu, akan fara da fatake da goro, a bi da malamai da sarakuna. Ba safai ake tunawa da ɓera da sauro ba, alhali kuwa suna da hannu a cikin yadda aka shata wuraren da muke zaune a yau.

Turawan Ingila sun dawo da fadar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Ankara a shekarar 1877. A wancan zamani kakanninmu suna zaune ne a tsakiyar gari kusa da kasuwa, a zangon da ake dangantawa da Malam Na'ino. A farkon shekarar 1908 sai annoba ta faɗa wa garin, irin wadda ƙumar ɓera ke ɗauka ta sa wa mutum. Gwamnati ta kirawo wani masanin cututtuka daga Ingila, Farfesa Simpson. Aka killace gari, aka rushe gidajen da aka ce sun cunkushe, aka shiga farautar ɓeraye gida-gida. A bayan wannan ne aka buɗe sababbin unguwanni irin su Adabraka da Korle Gonno. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Malam Baƙo, ɗan Malam Na'ino, ya samu fili daga hannun sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zango. Saɓanin da ke tsakanin shugabannin Musulmi na daga cikin abin da ya tashe shi, amma cunkoso da tsoron cuta su ma sun tura jama'a bayansa.

Sauro kuwa ya raba garin biyu. Da Turawa suka tabbatar shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro da shawara, sai suka ware wa kansu unguwar Ridge, nesa da gidajen 'yan ƙasa. Shawara ba ta bar kowa ba, domin ita ta kashe likitan nan ɗan Japan, Noguchi, a nan Ankara a 1928. Mu kuma rabonmu shi ne ma'aikatan duba-gari, waɗanda har yau ake kira tankas. Sukan shigo gida su leƙa randa da tulu, idan sun ga tsutsar sauro sai sammaci da tara. Abin ya yi wa magidanta ciwo ƙwarai, musamman masu matan kulle, domin baƙon namiji ne ke ƙetare zaure ya shiga har madafa. Duk da haka iyayenmu mata sun riƙe abin da ya amfane su: wanke randa a kai a kai, rufe ta da faifai, da kife duk wani ƙoƙo da zai tara ruwa.

Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu wurin daga dangin Odoi Kwao na Osu. Daji ne a lokacin, wurin kiwo da noma. Wanda ya samu fili yakan gina ɗaki biyu ko uku, ya bar saura ga masara, kuɓewa, rama, yakuwa, barkono da lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira ayoyo. Zogale da lalle su ne shinge. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa, ta zama inuwa kuma ta zama magani: a sa ganyenta cikin buhun wake da akwatin tufafi, a turara shi da magariba don korar sauro. Toka ake barbaɗa wa shuka, kyanwa ke tsaron hatsi, tabarma da katifa kuma rana ke kashe musu kuɗin cizo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya komai. Sansanonin soja da gidajen Turawa na Cantonments sun buƙaci masu gadi, kuku da masu aikin lambu, sai jama'a suka yi ta kwararowa Nima da Mamobi. Da yawa daga iyayenmu sun ƙare ƙuruciyarsu suna dasa ciyawar ado a farfajiyar wasu, suna ba ta ruwa safe da yamma, suna aske ta da adda, sa'an nan su dawo gidan da babu famfo. Nima ba ta shiga iyakar hukumar gari ba sai a 1951, don haka ta cika ba tare da tsarin hanya ko magudana ba. Kowane ɗakin haya da aka ƙara, lambu ne ya ba shi wuri. A hankali babbar kwatar nan da muke kira gota ta zama bola.

Noman bai mutu ba, ƙaura ya yi. A 1972 gwamnatin Acheampong ta fito da shirin ciyar da kai, Operation Feed Yourself, kowa ya shuka abin da ya samu a bayan ɗaki. Yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar 'yan Gana da aka koro daga Najeriya, ta nuna mana darajar kuɓewa ko da kwano ɗaya ce. Har gobe, masu noman latas, kabeji da albasa mai lawashi a Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da yawansu mutanen arewa ne da na Zango.

Abin da ya sa muka tono wannan tarihi shi ne halin da muke ciki. Mun bar toka da darbejiya, mun koma ga hoda da ƙwayoyin da ake tallarsu a tasha babu suna babu bayani. A watan Afrilun 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Abavana, nan kusa da Kotobabi, bayan an sa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin kwanansu. Irin ƙwayar nan ta rumbun hatsi ce, iskar guba take fitarwa, ba a yi ta don ɗakin da mutum ke numfashi ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kyankyaso da ɓera abinci da rami suke bi, sauro kuma kwantaccen ruwa. Mu rufe abinci, mu toshe tsagar bango, mu rufe durom, mu kwana cikin gidan sauro, mu fito aikin gayya ranar yashe kwata. Wanda ba shi da fili ya cika buhu ko tsohon bokiti da ƙasa, lalo da barkono ba su raina wuri. Masu gidaje kuma, kafin a sare bishiyar tsakar gida don ƙarin ɗaki, a tuna wanda ya dasa ta bai yi don kansa kaɗai ba.

Duk wanda ya san gidan da har yanzu tsohuwar darbejiya ko zogalen kakanni ke tsaye a Nima, Mamobi ko Sabon Zango, ya sanar da mu don mu rubuta. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.