Asalin kalmar testis da likitoci ke amfani da ita

Testis shi ne sunan da likitoci ke kiran ɗan maraina da shi, wato ɗaya daga ƙwayoyi biyun da ke samar da ƙwayoyin haihuwa da sinadarin mazantaka. Shi ɗaliban aikin jinya ke haddacewa a Birnin Kudu, shi kuma likita ke rubutawa a katin majinyacin da ya taso daga Zandam ko Gwaram, ko da majinyacin, don kunya, "gaba" kawai ya ce.

Kalmar ta Latin ce, harshen Rumawan da, kuma a kotunansu ma'anarta mai ba da shaida. Masana harshe na danganta ta da tsofaffin saiwoyi biyu, "uku" da "tsayawa": mutum na uku da ke tsaye a gefen masu husuma biyu.

Inda ake ja-in-ja shi ne yadda shaida ya zama sunan gaɓa. Labarin da ya fi yawo shi ne wai Barume kan dafa marainansa in zai rantse. Yana da daɗin faɗa, amma dokokin Rumawa ba su ambaci haka ba, kuma da alama an cakuɗa shi ne da rantsuwar sa hannu ƙarƙashin cinya da ke cikin Littafin Farawa na Baibul, al'adar wasu mutane daban. Wasu sun jingina kalmar da testa, tukunyar ƙasa. Wannan kamar sauti ce kawai. Bayanin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa ya bi ta Girka. Girkawa na da parastates, mai tsayawa kusa da wani ya mara masa baya, kuma sun kira ƙwayoyin biyu da wannan suna. Tunda a wurinsu Rumawa suka koyi likitanci, ba abin mamaki ba ne su kwaikwayi salon.

Marubucin likitanci na Rumawa Celsus, a ƙarni na 1, ya yi amfani da testiculus, wato ƙaramin testis. Latin ta ci gaba da riƙe ilimin sassan jiki har zamanin masanin sassan jiki Vesalius da littafinsa na 1543. A 1895 masana suka tsayar da jerin sunaye a Basel, aka sabunta shi da Terminologia Anatomica a 1998, testis na ciki. Daga kalmar testis aka ƙero sunan testosterone, sinadarin mazantaka, a 1935, bayan masu bincike a Amsterdam sun tace sinadarin daga marainan bijimai.