Daga Ƙofar 'Yanɗaka zuwa Tsohuwar Kwaleji: Sawun Turawa a Birnin Dikko

Mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da ya shiga birnin Katsina galibi wata buƙata ce ta kai shi: sakatariya, asibiti ko kasuwa. Yana gamawa sai tasha. Da zai ajiye mota ya taka da ƙafa na yini guda, da ya ga inda harajin kakanninsa ya tafi.

Tafiyar ta fi daɗi idan an faro ta daga Ƙofar 'Yanɗaka, domin ta nan jagoran Turawan mulkin mallaka, Lugga, ya shigo da sojojinsa a 1903. Ba a gwabza ba. Sarki Abubakar ya karɓe su, amma hakan bai hana su tuɓe shi ba, suka naɗa Yero, shi ma suka sauke shi a 1906. Sai Razdan Palmer ya tsaya wa Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 1944. Kusan duk abin da ake kira ginin zamanin Turawa a cikin ganuwa yana da hannun Dikko.

Daga nan sai a miƙe zuwa Ƙofar Soro da filin Kangiwa, gaban Gidan Korau, fadar sarki. Filin ya girmi Turawa nesa ba kusa ba, nan ake jafi ranar hawan Salla. Abin da mulkin mallaka ya ƙara masa shi ne aikin ofis. A Katsina Palmer ya fara gwada tsarin baitulmalin En'e, wanda daga baya ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa: a tara haraji da jangali wuri guda, a rubuta, gwamnati ta ɗauki kasonta, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, ragowar a yi ayyuka. Hakimai kuma aka tura su su zauna a gundumominsu. Sarkin Pauwa na Ƙanƙara da takwarorinsa na kudu su ne suka riƙa tattaro kuɗin daga hannun dagatai da masu unguwanni. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce da dawa, kuma bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, audugar ta sami hanyar zuwa masaƙun Ingila. Manomi ya sayar, ya biya haraji, kuɗin ya hau hanyar birni.

Hasumiyar Gobarau ba ta cikin wannan lissafi. Ta kai kimanin ƙafa 50, kuma tana tsaye ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar Katsina. Amma ya kamata baƙo ya tsaya ya dube ta da kyau kafin ya wuce, domin zai sake ganin irin hannun da ya gina ta a zango na gaba.

Zangon nan shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, kuma nan ne ya cancanci a daɗe. An fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Mai tsammanin ganin siminti da kwano zai sha mamaki. Ginin ƙasa ne, katangu masu kauri, aikin magina Hausawa, ɗakunan da sanyi ko da rana ta take. Tsarin azuzuwa na Bature ne, fasahar ɗora tubali kuwa ta gida ce. Wannan haɗin shi ne ainihin kamannin ginin mulkin mallaka a ƙasar Hausa, kuma ya fi gaskiya a kira shi da sunan masu gina shi.

An kafa makarantar ne don horar da malaman makaranta, sai ta fitar da shugabanni. Ahmadu Bello ya zauna a cikinta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, ɗalibinta ne, haka ma Kashim Ibrahim da Isa Kaita. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin da ta bari a Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Su Turawan kansu ba a cikin gari suka zauna ba. Bariki suka kafa a wajen ganuwa, da gidaje masu faffaɗan baranda da itatuwa. Filin folo ne ya riƙa haɗa su da gidan sarauta, wasan da Dikko ya runguma, ɗansa Usman Nagoggo ya yi suna a kansa.

Ginin ƙasa ba ya jure sakaci, damina ɗaya ba yaɓe sai ya fara zubewa, kuma yawancin ganuwar birnin ta riga ta tafi. Shugabannin makarantu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su riƙa kai ɗalibansu su ga kwalejin nan, hukumomi kuma su ware kuɗin gyaranta kowace shekara kafin ruwa ya sauka.