Zanen Bidzar: tarihin da ke kwance a kan farin dutse



Duk wanda ya taɓa tashi daga Maiganga ya nufi Marwa, ya ratsa Ngaundere da Garwa, to ya wuce ta Bidzar ko da bai lura ba. Ƙauye ne na Gidar a yankin Mayo-Louti, gaba kaɗan da Figuil, a bakin babbar hanya. Fatakenmu sun daɗe suna bin wannan ƙasa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sauka su taka duwatsunta.

Dutsen Bidzar fari ne. Masana sun ce asalinsa dutsen farar ƙasa ne, zafi da nauyin ƙasa suka gasa shi har ya taurare. Ya fito fili a shimfiɗe, falale bayan falale, kuma a kansa ne mutanen da suka shuɗe suka sassaƙa zane kusan 500. Galibinsu da'irori ne: wata ita kaɗai, wata a cikin wata, wasu a manne da juna. An fitar da su ne ta hanyar kafa tsini a kan dutse ana dukansa da guduma, ɗigo bayan ɗigo. Wani Bafaranshe, Buisson, shi ya fara ba da labarinsu a rubuce a 1933. Daga baya Alain Marliac ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa bincikensa a 1981. A 2006 Kamaru ta sa wurin cikin jerin wuraren da take nema wa amincewar UNESCO a matsayin gadon duniya.

Mai son gani ya je da rani, bayan an ƙone ciyawa, domin da damina ciyawar kan rufe falalen. Lokacin ne kuma dajin yankin ke ado: gurjiya ta zubar da ganye ta yi jan fure, rawaya ta ɓullo da furenta dab da ƙasa a tsakiyar toka. Ya kuma nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Ido baƙo zai taka zanen bai gan shi ba. Ɗan gari ne ya san falalen da ke ɗauke da shi, ya kuma san cewa da sassafe ko da la'asar, sa'ad da rana ta karkata, inuwa ke fito da shi sarai.

Sai dai wannan dutse shi ne ake fasawa a ƙona a yi farar ƙasa, shi ne kuma ke ciyar da masana'antar siminti ta Figuil. Buhun da muke saye mu ɗaga katanga ko mu yi daɓe, mai yiwuwa daga can ya fito. Siminti abin bukata ne, mutane da yawa na ci daga gare shi. Amma falalen da aka niƙa ya tafi ke nan, da shi da abin da ke kansa.

Abin da ba a ziyarta, ba a tambayar lafiyarsa. Idan hanya ta bi da ku ta can, ku tsaya ko na sa'a ɗaya. Ku sallami jagoran da abin da ya dace, ku hana yara kankara sunayensu a jikin dutsen, ku dawo ku ba da labari. Mu baƙi ne a ƙasar nan da muka zama 'yan gida, kuma ɗan gida ba ya barin kayan gado su salwanta yana kallo.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.