Yadda Juji Ya Zama Tashar Wutar Lantarki

A shekarar 1937 birnin Fresno na Amurka ya ɓullo da sabon tsarin zubar da shara: a haƙa rami, a zuba, a danne, a rufe da ƙasa kullum. Wari ya ragu, ɓeraye suka yi sauƙi, sauran birane suka kwaikwaya. Sai dai abin da aka binne bai kwanta ba. Can ƙasa inda iska ba ta shiga, ragowar abinci da takardu suna ruɓewa, suna fitar da gas wanda kusan rabinsa metan ne, mai saurin kamawa da wuta.

Ta hanyar masifa aka fara sanin ƙarfinsa. A 1969 gas ɗin ya kurɗa cikin wani ginin sojoji da ke maƙwabtaka da juji a birnin Winston-Salem na Amurka, ya fashe, mutum uku suka rasu. A 1986 ya tarwatsa wani gida a ƙauyen Loscoe na Ingila. Dabarar farko ita ce a kafa bututu, a janyo shi, a ƙone shi a sarari.

Dole uwar na ƙi. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, aka fara ganin asarar wannan harshen wuta. A 1975 aka soma tace gas ɗin jujin Palos Verdes a Kalifoniya ana sayarwa. Dokar Amurka ta 1978 kuwa ta tilasta wa manyan kamfanonin lantarki sayen wuta daga ƙananan masu samarwa, ƙofa ta buɗe. A 1982 injuna suka fara ba da wuta daga jujin garin Brattleboro na Amurka.

Aikin bai sauya sosai ba har yau: a haƙa rijiyoyi cikin tarin shara, a zuƙo gas, a cire masa danshi, a tura shi cikin injin da ke juya janareta. Yawancin tashoshin 'yan megawat kaɗan suke bayarwa, amma dare da rana.

Da aka fahimci metan ya fi hayaƙin kabon ɗumama duniya ninki fiye da ashirin, Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta sa kama shi ya zama abin biyan lada. Aikin farko da aka yi wa rajista a wannan tsari, a 2004, na juji ne a Burazil. Daga baya birnin Durban na Afirka ta Kudu ya kunna nasa injunan a jujin Mariannhill da na Bisasar, sharar mutanen gari ta koma gidajensu ta cikin waya.