Bom da Batir: Yadda Kwamfuta Ta Zama Abin Tuhuma a Filin Jirgin Sama

A yawancin filayen jiragen sama na duniya, matafiyi ba ya wuce shingen bincike sai ya zaro kwamfutar tafi-da-gidanka daga jaka ya ajiye ta ita kaɗai, wani lokaci ma jami'i ya ce ya kunna ta ya gani. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin wahalarwa kawai, wasu kuma na ganin duk dokar da aka kafa da sunan tsaro ba a ja da ita. Tarihin al'adar bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Binciken na'urori yana da tushe, kuma sai da ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu kafin a kafa shi. Sai dai tarihin nan ya nuna cewa abin da ya riƙa ceton jirage shi ne iya ganin cikin na'ura, da sanin hannun da kaya suka bi, da bayanan sirrin da aka yi aiki da su a kan lokaci. Raba matafiyan da ke tashi daga wasu ƙasashe da na'urorinsu, kamar yadda aka yi a 2017, shi ne mafi rauni cikin matakan da aka gwada, kuma ya kusa buɗe ƙofar wani bala'in dabam.

Har farkon shekarun 1970, fasinja a Amurka yana shiga jirgi ba tare da kowa ya leƙa jakarsa ba. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jirage fiye da 130 a ƙasar, yawanci ana tilasta wa matuƙi ya nufi Kyuba. Abin da ya kai hukuma bango shi ne fashin jirgin Southern Airways a Nuwamban 1972, inda 'yan fashin suka yi barazanar afka shi kan cibiyar nukiliya ta Oak Ridge. Daga Janairun 1973 aka wajabta binciken kowane fasinja da jakar hannunsa. Amma ƙarfe ake nema a lokacin, wato bindiga da wuƙa. Rediyo ba ya cikin lissafi.

Shekarun 1980 ne suka sa shi a ciki. Ranar 23 ga Yuni, 1985, bom da aka ɓoye cikin akwatin rediyo ƙirar Sanyo ya kashe ma'aikatan kaya biyu a filin jirgin Narita na Japan, kuma a wannan rana jirgin Air India da ya taso daga Kanada ya tarwatse a sararin tekun Atilantika da mutum 329. Ranar 21 ga Disamba, 1988, jirgin Pan Am mai lamba 103 ya faɗo kan garin Lockerbie na Sikotilan, mutum 270 suka mutu, 11 daga cikinsu mazauna garin ne. Masu bincike sun gano cewa sinadarin Semtex da bai kai rabin kilo ba aka cusa cikin rikoda ƙirar Toshiba. Wata tara bayan haka masifar ta sauka a ƙasarmu: ranar 19 ga Satumba, 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Brazzaville ya ya da zango a Injamena, ya fashe a saman hamadar Tenere ta Nijar a kan hanyarsa ta zuwa Faransa, mutum 170 babu wanda ya tsira. Dalilin da ya sa masu haɗa bom suka raja'a kan kayan lantarki a fili yake. Bom yana buƙatar waya da batir da agogon ƙidayar lokaci, kuma duk waɗannan halak ne a cikin rediyo ko kwamfuta. Tsohuwar na'urar haska kaya hoto ɗaya take bayarwa ta fuska ɗaya, abubuwa sun hau kan juna, batir mai kauri ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Wannan ne asalin cewa a fito da kwamfuta ita kaɗai, shi ne kuma asalin cewa a kunna ta, don a tabbatar ba a yashe cikinta an zuba wani abu ba. Amma akwai abin lura a nan da za mu koma kansa: duk waɗannan bama-bamai a ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin jirgi suke, ba a hannun fasinja ba. A harin Air India da na Lockerbie, akwatin ya yi tafiya ba tare da mai shi ba. Shi ya sa gyaran da ya yi amfani a lokacin shi ne dokar hana akwati tashi idan mai shi bai hau jirgi ba, da yarjejeniyar Montreal ta 1991 da ta wajabta sa wa irin su Semtex wani sinadari da na'ura za ta iya shinshinowa.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, dokoki suka riƙa zuwa bi da bi, kowace tana bin sawun wani hari. An kafa hukumar tsaron sufuri ta TSA a Amurka a Nuwamban shekarar, bom ɗin takalmi na Richard Reid ya jawo cire takalma, makircin da aka bankaɗo a Landan a Agustan 2006 ya jawo iyakance ruwa zuwa mililita 100. Abubuwa uku daga cikin na wannan zamani sun fi dacewa da batunmu. Ranar Kirsimetin 2009, Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bom a jirgin da ke zuwa Detroit daga Amsterdam. Makonni kafin nan mahaifinsa ya kai koke ofishin jakadancin Amurka a Abuja, bayanin yana hannu ba a yi aiki da shi ba, sai ga shi a Janairun 2010 an sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu bincike na musamman. Kafin ƙarshen Afrilu Amurka da kanta ta janye jerin ta koma bin bayanan mutum ɗaiɗai. A Oktoban 2010 aka aiko bama-bamai biyu daga Yaman cikin mazubin tawadar firinta, suka wuce bincike, aka kama ɗaya a Dubai ɗaya a filin East Midlands na Ingila, kuma bayanin da jami'an Saudiyya suka bayar ne ya kai ga kama su, domin a Ingila ma binciken farko bai ga komai ba. Na uku shi ne jirgin Daallo da ya tashi daga Mogadishu zuwa Jibuti ranar 2 ga Fabrairu, 2016. Bom cikin kwamfuta ya huda gefen jirgin, maharin ya faɗa ta ramin, matuƙi ya samu ya sauka da sauran mutane. Kyamarorin filin sun nuna cewa ma'aikata ne suka miƙa masa kwamfutar. A duka ukun, matsalar ba ta ga na'urar da ke jakar talakan fasinja.

Duk da haka, ranar 21 ga Maris, 2017, Amurka ta hana shiga ɗakin fasinja da duk na'urar da ta fi wayar hannu girma a jiragen da ke zuwa ƙasarta kai tsaye daga filaye 10 na ƙasashe 8: Amman, Alƙahira, Istanbul, Jidda, Riyad, Kuwait, Kasablanka, Doha, Dubai da Abu Dhabi. Kamfanoni 9 abin ya shafa, babu na Amurka ko ɗaya, domin ba sa bin waɗannan hanyoyi. Birtaniya ta bi sahu da nata jerin: Turkiyya, Labanan, Jodan, Masar, Tunisiya da Saudiyya. Ko da yake babu ƙasar Afirka ta Yamma a ciki, dokar ta taɓa mutanenmu, don mai tashi daga Kano ta Alƙahira, ko daga Yamai ta Kasablanka ko Istanbul, idan Amurka ya nufa, dole ya miƙa kwamfutarsa a zango na biyu.

Masu kare wannan mataki suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Sun ce bayanan sirri sun nuna ƙungiyoyin ta'adda irin su IS sun ƙware wajen ɓoye abin fashewa a mazaunin batir, ta yadda kwamfuta za ta iya kunnuwa kuma ta wuce tsohuwar na'urar haska jakar hannu. Sun ce akwatunan ƙarƙashin jirgi suna bi ta na'urori masu ƙarfi fiye da na jakar hannu, kuma ɗan ƙaramin bom ya fi yin ɓarna idan mutum ya manna shi jikin bangon jirgi da hannunsa, kamar yadda aka yi a Mogadishu, fiye da idan yana binne tsakiyar kaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma gwamnatin da ta samu irin wannan labari ba za ta naɗe hannu ba. Amma idan aka auna dokar da manufarta sai a ga ta gaza. Amurka da Birtaniya suna musayar bayanan sirri, amma Birtaniya ba ta sa Dubai da Doha da Abu Dhabi da Kuwait da Kasablanka a jerinta ba, alhali jirage na zuwa Landan daga can kullum. Abu Dhabi ma filin da jami'an kwastan na Amurka ke zaune suna tantance fasinja kafin tashi ne. Mai mugun nufi kuwa ba abin da zai hana shi sayen tikiti ta Frankfurt ko Faris ya shiga jirgin Amurka da kwamfutarsa a cinya. Kuma a Yulin shekarar, makircin da aka bankaɗo a Sydney kan jirgin Etihad cikin injin niƙa nama aka ɓoye bom ɗinsa. Ganin cewa tun 2015 manyan kamfanonin jiragen Amurka ke ƙorafi kan gasar Emirates da Etihad da Qatar Airways, mutane da yawa suka fassara dokar da kishin kasuwa. Ba sai an yarda da wannan zargi ba kafin a gane illarsa: dokar tsaron da jama'a ke yi wa kallon son zuciya tana rage biyayyar da ake yi wa sauran dokokin.

Babban aibin haramcin yana cikin ita kanta kwamfutar. Batirin litiyam, idan ya lalace ko ya matsu ko ya yi zafi, yana iya kamawa da wuta da kansa, ɗaki ɗaya na batirin ya kunna na kusa da shi, wutar ta riƙa tashi bayan an kashe ta. Ranar 3 ga Satumba, 2010, jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi cikin kayan da ke ɗauke da dubban irin waɗannan batura, matuƙa biyu suka mutu. Daga 1 ga Afrilu, 2016, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana jiragen fasinja ɗaukar batiran litiyam a matsayin kayan dako, kuma a Oktoban shekarar Amurka ta haramta wayar Galaxy Note 7 a jirgi gaba ɗaya. Ka'idar da aka zauna a kanta ita ce batir ya kasance inda ido ke ganinsa, don idan ya fara hayaƙi ma'aikatan jirgi su kashe wutar su sanyaya shi da ruwa. A ma'ajiyar ƙasa babu mai isa wurin, kuma iskar kashe gobara da ke can tana danne harshen wuta ne, ba ta hana batir ci gaba da zafi. Sai ga doka ta zo ta ce a tattara ɗaruruwan kwamfutoci a jibge su a daidai inda aka yi shekaru ana cewa kada a sa su. Gudun gara ke nan aka tarar da zago. Hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai ta yi gargaɗi a kan haka, kuma gwajin da takwararta ta Amurka, FAA, ta yi a 2017 ya nuna cewa kwamfutar da ta kama da wuta kusa da gwangwanin feshi a cikin akwati tana iya haddasa fashewar da za ta fi ƙarfin na'urar kashe gobarar jirgi. Wani ɓangare na gwamnati ɗaya yana gargaɗi a kan abin da ɗaya ɓangaren ya wajabta.

Haramcin Amurka wata huɗu ya yi. A ƙarshen Yunin 2017 aka sauya shi da sharuɗɗan bincike ga filaye kusan 280 a ƙasashe 105, wato gwajin ɓurɓushin abin fashewa a jikin na'urori, da ƙarin karnuka, da tsaurara tantance ma'aikata, kuma kafin Yuli ya ƙare an cire duka filaye goman daga jerin. Abin da aka koma yi shi ne abin da ya kamata a fara da shi. Daga baya na'urorin CT, irin na asibiti masu nuna kaya ta kowace fuska, suka fara shiga layin jakar hannu, har filin London City ya daina cewa a fito da kwamfuta a 2023. Masu cewa dukan binciken wasan kwaikwayo ne su ma sun yi kuskure, domin fashin jirage a Amurka ya ragu ƙwarai bayan 1973, kuma wahalar da maharan ke sha wajen ƙirƙiro sabuwar maɓoya shaida ce cewa tsohuwar ta toshe. Yanzu ma hankali ya fi karkata ga batir: bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, wadda aka danganta da fawa bank, kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a cikin jirgi, ciki har da Emirates daga Oktoban shekarar.

Darasin Mogadishu ya fi na 2017 kusa da mu. Filin Malam Aminu Kano da na Diori Hamani a Yamai da na Injamena ba sa buƙatar jerin haramci da aka kwafo daga waje. Suna buƙatar na'urar haska kaya da ake gyarawa idan ta lalace, da ma'aikacin da aka tantance kafin a ba shi katin shiga, ake kuma biyansa albashin da zai hana shi karɓar saƙon da bai bi ta bincike ba. Kai kuma matafiyi, ko ɗan kasuwa ne kai ko maniyyaci, kada ka karɓi na'urar wani don ka kai masa ba ka san cikinta ba, kuma fawa bank da batirin da ba ya jikin na'ura ka riƙe su a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna.