Malaman Makarantar da Suka Haifar da Ƙagaggen Labarin Hausa

A shekarar 1933 Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa shekararsa 21, bai daɗe da kammala karatu ba, ya koma gida Bauchi ya kama alli. Babu ɗayansu da ya taɓa wallafa littafi. Kafin shekara biyu ta zagayo, sunayensu sun hau bangon littattafai biyu da har yau ɗaliban Hausa ke zana jarrabawa a kansu, wato Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Duk wanda ya bi sawun yadda hakan ta faru zai tarar da cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko a cikin aji aka haife shi, malaman makaranta ne suka rubuta shi, kuma yaran makaranta aka rubuta wa.

Tushen abin yana Nassarawa ta Kano. A can ne Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a 1909, inda ake koyar da karatu da rubutu da lissafi cikin harshen Hausa. Daga cikin malaman da aka turo wannan makaranta har da wani matashi ɗan gidan alƙalin Kagara mai suna Muhammadu Bello, wanda duniya ta sani da Bello Kagara. Shi ne yayan Abubakar Imam, kuma a hannunsa ƙanen ya samu hanyar shiga boko.

Da makarantun larduna suka ƙaru, sai ƙarancin malamai ya bayyana. Wannan ne ya sa aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ginin ƙasa ne a unguwar Rafindaɗi. Daga kowane lardi na Arewa ake zaɓo yara ƙalilan masu hazaƙa, su yi shekara biyar suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci, da yamma kuma su fita wasannin da Turawa suka zo da su. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Imam a 1927, Tafawa Ɓalewa a 1928, Sa'adu Zungur ya biyo bayansu. Bello Kagara yana cikin malamansu, yana koyar da Larabci da addini.

Ba don a samar da marubuta aka gina kwalejin ba. Bukatar Turawa ita ce malaman aji da ma'aikatan En'e, kuma da Turanci ake koyar da yawancin darussa. Sai dai yaran ba hannu rabbana suka zo ba. Kusan kowannensu ya wanke allo kafin ya ga alli. Imam ɗan alƙali ne, Zungur ɗan gidan malamai ne a Bauchi wanda ya yi nisa a fiƙihu da Larabci tun yana ƙarami. Sun taso suna jin wa'azi cikin waƙa, suna jin tatsuniya da dare, suna jin hikayoyin Larabawa a zaure. Abin da kwaleji ta ƙara musu shi ne haruffan boko, da sabawa da littafin da ake karantawa don jin daɗi, da kuma hanyar kaiwa ga injin ɗab'i.

A ɗaya ɓangaren kuma gwamnati na fama da wata matsala. An koya wa yara karatu, amma babu abin da za su karanta. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin jami'in ilimi Rupert East, ta fitar da littattafai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, waɗanda aka fassaro daga rubuce-rubucen Larabci. East ya ga cewa fassara kaɗai ba za ta sa yaro ya ƙaunaci littafi ba. A 1933 sai ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai, yana roƙonsu su ƙago labarai da kansu, su rubuta da Hausa, a yi gasa.

Ba nan take aka karɓi abin ba. A wurin malamin zaure na wancan zamani, alƙalami na ilimi ne: tauhidi, fiƙihu, tarihi, wa'azi, madahu. Labarin da aka san bai faru ba kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara bayan sallar isha'i. Dattijo mai rawani ya zauna ya rubuta ƙarya da hannunsa, wannan abin kunya ne. Waɗanda suka amsa kiran su ne mutanen da suka riga suka zauna a aji, suka ga cewa ana iya saka hikima da gargaɗi a cikin ƙagaggen labari ba tare da mutunci ya zube ba.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar na tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina ne, Ganɗoki kuma na malaminta.

Idan aka buɗe littattafan, ana ganin makarantun biyu, ta zaure da ta boko, a cikinsu. Shaihu Umar malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, kuma almajiransa ne suka tambaye shi asalinsa, shi ya sa ya ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, ilimi ya ɗaukaka shi a ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa kuma ta sha azabar bauta tana nemansa. Saurayi mai shekara 21 ne ya zaɓi ya sa muryar labarinsa a bakin malamin zaure. Ganɗoki ya fara da yaƙin Kwantagora da Turawa, ya bi ta ƙasashen aljanu, ya dawo ya tarar da ƙasa ta sauya. Ruwan Bagaja kuwa, da Alhaji Imam da abokin gabarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, cike yake da barkwancin almajirai da dabarun da mai karatun hikayoyin Larabci zai gane asalinsu.

East ya ga abin da ke hannun Imam, ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya yi wata shida a Zariya, an tara masa littattafan labarai na Gabas da na Turai, ya karanta, ya narkar da su, ya sake ƙera su da tufafin Hausa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. A nan ma malamin bai ɓuya ba. Aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai ne don ya tsare shi daga halaka, a littafi na uku kuma akun ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari, yana gyara masa kuskure, kamar yadda malami ke duba aikin ɗalibi. Yaran da suka yi firamare a Arewa shekaru da dama bayan haka da wannan littafi suka iya karatu da ƙarfi a gaban aji.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka ɗauko Imam daga aji aka ba shi edita, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Jaridar ta zama makaranta ga waɗanda ba su samu shiga makaranta ba. Mutum ɗaya mai karatu yakan karanta wa taro a ƙofar gida, masu ɗan hannu a rubutu kuma su aiko da wasiƙu. Hausar da aka daidaita a teburin Zariya, da haruffanta masu ƙugiya, ta wannan hanya ta bazu.

Kwalejin kanta ta yi ƙaura zuwa Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya aka sa mata suna Barewa. Ba ta daina fitar da masu alƙalami ba, sai dai yanzu waƙa da siyasa suka shigo. Sa'adu Zungur, wanda ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934, ya ɗauki ma'aunin waƙar malamai ya zuba mata zancen zamani a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da Maraba da Soja. Aminu Kano, wanda mahaifiyarsa ta fara koya masa Alƙur'ani kafin ya je Kwalejin Kaduna, ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo yana sa ɗalibai su yi, yana sukar zalunci da camfi. A Bauchi ya haɗu da Zungur da Tafawa Ɓalewa a zauren muhawarar da aka kafa a farkon shekarun 1940, a 1948 kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne a Kano lokacin da ya rubuta waƙarsa ta ilmin zamani, yana kiran iyaye su kai yara makaranta. Shehu Shagari yana koyarwa a lardin Sakkwato ya tsara Waƙar Nijeriya, don yara su haddace labarin ƙasarsu da baki kamar yadda ake haddace karatun zaure.

Makaɗa da mawaƙan baka ta wata hanya suka bi. Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, bai zauna a ajin boko ba. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya koyi kiɗa, yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya ja nasa ayari. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, karatun zaure ya yi da ka, ya tsara Imfiraji. Aƙilu Aliyu ma almajiri ne da ya baro Jega neman ilimi. Makarantarsu ita ce bin na gaba, da sauraro, da maimaitawa har abu ya zauna. Daga baya boko ne ya zo ya durƙusa a gabansu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos kuma ta karrama mawaƙi Ɗanmaraya. Waƙoƙin da aka yi a dandali da ƙofar fada sun zama darasi a sassan nazarin Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato.

Akwai babban giɓi a wannan tarihi. Kwalejin Katsina ta maza ce zalla, kuma babu mace ko ɗaya cikin marubutan 1933, alhali ƙasar nan ce ta haifi Nana Asma'u, wadda ta yi waƙa da harsuna uku ta kuma tsara karantar da mata ta hannun jajis ɗinta tun ƙarni na 19. Sai a 1980, bayan gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Kusan rabin ƙarni ke nan tsakanin littafin Imam na farko da fitowar mace a wannan fage, kuma dalilin a bayyane yake: an jinkirta buɗe wa mata ƙofar aji.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da hukumar adabi ta NORLA sun samar da ƙananan littattafai da jaridun larduna. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da yara makaranta, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 a zamanin Abubakar Rimi. Shekaru kaɗan bayan haka kasuwar littattafan Kano ta ɓarke. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta koma karatu da girmanta, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, wanda jigonsa shi ne hana mace karatu. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, ta ajin manya na yamma ya shiga boko. Matasan da suka yi ta karɓar hayar waɗannan littattafai su ne 'ya'yan makarantun 1976.

Yau tsohon ginin Rafindaɗi gidan tarihi ne, gasar rubutu kuma ta koma hannun kafofin watsa labarai, kamar Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Matasa na rubutu a waya, suna karanta wa juna a intanet. Amma makarantun gwamnati da yawa a Arewa ba su da ɗakin karatu, kuma yaro na iya gama firamare bai taɓa riƙe littafin labari na Hausa ba. Ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohi su maido da gasar rubutu tsakanin malamai da ɗalibai, su buga abin da ya yi fice, su raba shi a azuzuwa, tare da shigar da makarantun allo da na Islamiyya cikin gasar.