Nasabar Dabba: Tsakanin Takarda Da Ƙwaƙwalwar Makiyayi

Yau zan ɗan ajiye zancen littattafai in ja ku zuwa garke da barga, domin in yi tsokaci kan tarihin nasabar dabbobi, wato sanin uwa da uba da kakannin doki ko saniya.

Larabawa sun riga mu rubutawa. Hisham Ibn al-Kalbi, malamin Kufa wanda ya rasu wajen shekarar 819, ya yi littafi guda kan nasabar dawakin Larabawa, kamar yadda ya yi na kabilunsu. Turawa kuwa sai can baya. A Ingila wani mai suna James Weatherby ya fara buga kundin asalin dawakin sukuwa a 1791, kuma har yau dokin da babu sunan iyayensa a irin wannan kundi ba a ƙirga shi cikin wannan jinsi. Abin sha'awa, duk dawakin nan tsatsonsu ta wajen uba na komawa ne ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga waje, cikinsu har da wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704. A 1822 George Coates ya yi wa shanu irin wannan kundi. Daga nan takarda ta zama kuɗi, domin dabba mai rubutaccen asali ta fi 'yar uwarta tsada ko da kamanninsu ɗaya.

To mu fa? Ni a ganina mun daɗe da ilimin, takardar ce kawai ba mu yi ba. Bahaushe ya bambanta ingarma da ƙuru, ya san akawal da kili da bidi da gunya, kuma in aka ce doki ɗan Azbin ne, an gama yabo. Sarakuna sun nemi iri mai kyau daga Borno da arewa saboda yaƙi, domin doki mai ɗaukar lifidi da sulke ba a tsintarsa a ko'ina. Sai dai hankalinmu ya fi karkata ga ƙasar da doki ya fito da launinsa, ba jerin kakanninsa ba.

Inda nasaba ta zauna daram shi ne wajen Fulani. A cikin Bararo, maraƙi yana ɗaukar sunan uwarsa ne, don haka sunan saniya shi ne sunan gidanta. Makiyayi zai lissafa maka uwaye da kakanni, ya gaya maka wane bijimi ya yi barbara, wane gida ne mai nono, wane ne mai jure ƙishi da doguwar tafiya. Ta hanyar gado da sadaki da habbanaye, wato aron karsana har ta haihu a mayar wa mai ita, jini mai kyau ke yawo daga ruga zuwa ruga. Da wannan sani aka raya Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da Bokolo ta ƙasar Sakkwato wadda muke gani a kasuwar Talatar Mafara. Haka ma jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ratsa hamada har Turai, aka riƙa kiranta fatar Maroko alhali tamu ce.

Rubutu ya shigo ne da tashoshin gwamnati. An buɗe gonar kiwo ta Shika kusa da Zariya a 1928, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Nijar, tashar Tukunus ta duƙufa kan shanun Azawak, aka kuma kafa cibiyar jar akuya a Maraɗi a 1963. A waɗannan wurare ana sa wa dabba lamba, a rubuta iyayenta da nonon da ta bayar. Amma wannan ɗigo ne a kan dukiyar da ke hannun talakawa.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu a nan Tsibiri da kewayen Maradun da Bakura, tun wajen 2011 satar shanu ta addabi ƙasar Zamfara. In aka kore garke, ba nama da nono kaɗai aka ɗauka ba. An yanke zuriyar da aka yi shekaru aru-aru ana tacewa, kuma saniyar da aka sayar a wata kasuwa mai nisa ta zama marar asali. Tsohon da ya haddace sunayen ya yi gudun hijira ko ya rasu, ɗansa ba shi da garken da zai koya a kai. Baturen da gobara ta ci bargarsa zai buɗe kundi ya nemo dangin dokinsa. Mu kundinmu yana cikin ƙirjin mutane.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Don haka ina kira ga marubuta da ɗalibanmu, duk mai dattijo makiyayi a kusa ya ɗauki biro da takarda, ko da ajami ne, ya rubuta sunayen gidajen shanun nan da halayensu tun masu sanin na raye. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.